Biyan Kuɗi Wata-Wata A Kan Bulokcen: Wa Aka Yarda Ya Sa Hannu A Lalitar Mutum?

Kowane magidanci da ke zaune a birnin Bauchi, ko a cikin gari yake wajen Jahun da Ƙofar Dumi, ko kuwa a unguwannin waje irin su Yelwa da Fadaman Mada da Gwallameji, yana ɗauke da waɗansu basussuka waɗanda ba su ƙarewa. In ya biya yau, da wata ya kama sai ya sake ganinsu tsaye a ƙofar gida. Ga kuɗin wuta na kamfanin JED, mai rarraba lantarki a jihohin Bauchi da Gwambe da Filato da Binuwai, ga kuɗin ruwan famfon da ake turowa daga madatsar Gubi, ga na makarantar Islamiyya, ga na 'yan sintirin unguwa, ga data, ga katin talabijin. Sa'an nan ga zubin adashi, wanda ya fi su duka tsanani, domin wanda ya makara a kansa ba wutarsa za a yanke ba, mutuncinsa ne zai zube.

A 'yan shekarun nan kuma an sami wani sabon rukuni na masu ajiye dukiya a cikin waya. Kamfanin Chainalysis na Amurka, mai bin sawun hada-hadar kuɗin kirifto, ya sa Nijeriya a matsayi na biyu a duniya, bayan Indiya, wajen rungumar wannan irin kuɗi a 2023 da kuma 2024, har ya ƙiyasta cewa abin da ya shigo hannun 'yan ƙasar nan ta wannan hanya tsakanin Yuli 2023 da Yuni 2024 ya kai kimanin dala biliyan 59. Arewa kuwa ba ta zauna 'yar kallo ba. Duk wanda ya leƙa majalisar samari a 2024, sa'ad da wasan Hamster Kombat ke tashe, ya ga yadda yatsu ke ta dangwalar gilashin waya ba dare ba rana da sunan haƙar sulalla. Da aka zo rabo a watan Satumba na shekarar, yawancinsu ba su sami abin a zo a gani ba, amma dai sun fita da ilmi guda: sun iya buɗe lalitar waya, sun iya aikawa, sun iya karɓa.

To, tun da yake ana ta yayata cewa wannan kuɗi shi ne kuɗin gobe, sai a tambaya, shin mutum zai iya ba shi umurni sau ɗaya, ya ce kowace ranar 28 ga wata a biya mini wuta, a zuba mini adashi, shi ke nan ya manta? Abin mamaki shi ne, wannan aiki da kowane banki ke yi cikin ruwan sanyi shi ne ya fi ba masu sabuwar fasahar ciwon kai. Tun 2018 suke rubuta ƙa'idoji a kansa, har yau ba su tsaya a kan guda ba.

Miƙawa Da Ɗiba

Biyan kuɗi iri biyu ne, ko da yake ba kowa ke lura ba. Akwai na miƙawa, watau mai saye ya sa hannu a aljihunsa, ya ƙirga, ya miƙa wa mai kaya. Tiransifar da ake yi ta waya a Kasuwar Wunti, da sa kati a na'urar POS a bakin tasha, duk miƙawa ne, don kuwa mai kuɗin yana nan, shi ya danna lambobinsa da kansa. Akwai kuma na ɗiba, watau mai kuɗi ya ba wani izini tun da wuri, in lokaci ya yi a shiga asusunsa a ɗebi abin da aka yi alkawari, ko yana barci, ko yana gonarsa a Liman Katagum, ko ya tafi aikin Hajji. Duk wani biya mai maimaita kansa ba tare da an tuna wa mutum ba, a ƙarƙashin ɗiba yake.

Bankuna sun daɗe da sanin wannan. Ma'aikacin gwamnati yakan cika takarda ya bar wa bankinsa odar dindindin, cewa da albashi ya sauka a tura kaza zuwa asusun kaza. Ko kuwa ya sa hannu a takardar izini wadda ta ba kamfanin inshora ko ƙungiyar gama kai damar su nemi kuɗin da kansu, saƙon ya bi ta kamfanin NIBSS, wanda bankuna da Babban Bankin Nijeriya suka kafa a 1993 don daidaita biya tsakaninsu, ko kuma ta manhajar Remita. Babban Banki yana da ƙa'ida a rubuce a kan wannan irin ɗiba, wadda aka sabunta a 2018, kuma a cikinta mai asusu yana da ikon soke izininsa. In an ɗebi abin da bai yarda ba, ya san reshen da zai je, ya san teburin da zai tsaya, in kuma aka yi masa shakulatin ɓangaro yana iya ɗaukaka ƙara zuwa sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Ba a ce ana samun biyan bukata kullum ba. Amma akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Ɗiba kuwa makami ne mai kaifi. Tun ranar 1 ga Agusta, 2020, Babban Banki ya ba bankuna damar su bi lambar BVN ta wanda ya ci bashi ya ƙi biya, su ɗebi kuɗinsu daga asusunsa na kowane banki. Talaka ma ya ɗanɗana nasa ɗacin ta wata hanya dabam. Shekaru da dama mutum ya sa katin waya na naira 200, kafin gari ya waye an zaftare 50 da sunan wani kiɗan kira ko labarin ƙwallo da bai san lokacin da ya nema ba, sai da hukumar sadarwa ta NCC ta fito da lambar 2442 ta toshe saƙonnin talla da lambar 622 ta kai ƙara, ta kuma hana sabunta wa mutum ciniki ba da yardarsa ba. Saboda haka in mutumin Bauchi ya ji an ce wata na'ura za ta riƙa cire masa kuɗi da kanta, ya ɗan ja da baya, kada a ce ƙauyanci ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Kundin Da Ba Shi Da Akawu

Bulokcen, ko kuma a ce kundin sarƙa, littafin lissafi ne wanda dubban kwamfutoci a ƙasashe dabam-dabam ke riƙe da kwafinsa iri ɗaya. Ana rubuta shi shafi bayan shafi, kowane shafi a ɗaure da na bayansa, ta yadda in wani ya goge layi guda a nasa kwafin, sauran za su gane su ƙi shi. Da Bitcoin aka fara a watan Janairu 2009, aikin wani ko waɗansu da suka ɓoye a bayan sunan Satoshi Nakamoto. Ranar 30 ga Yuli, 2015, aka buɗe Ethereum, wanda Vitalik Buterin da abokan aikinsa suka tsara, shi kuma ya ƙara da abin da ake kira yarjejeniya mai aiwatar da kanta, watau ɗan tsarin kwamfuta da ake rubutawa a cikin kundin, ya riƙe kuɗi, ya sake su in an cika sharuɗɗa.

Doka ta farko a wannan gida ita ce, ko kwabo ba ya motsi daga lalita sai da sa hannun mai mabuɗin sirri, mabuɗin nan da akan ba mutum a siffar kalmomi 12 ko 24 a ce ya rubuta ya ɓoye. Da wannan doka masu abin ke tunƙaho: ba manaja, ba akawu, ba mai iya rufe maka asusu. To, amma inda babu akawu, wa za a bar wa odar dindindin? Ashe ke nan tun daga tushe an gina kundin ne a kan miƙawa. Wanda ke son ya biya kuɗin wata goma sha biyu, sai ya sa hannu sau goma sha biyu.

Akwai kuma wata matsala da ba a cika faɗa wa sababbin shiga ba. Ita yarjejeniya mai aiwatar da kanta, sunan nata ya fi ta. Kamar amintaccen mai gadi ce wanda ba ya cin amana, amma mai nauyin barci: in an tashe shi ya duba agogo ya yi abin da aka ce daidai, in ba a tashe shi ba kuwa wata ya wuce yana kwance. Dole wani daga waje ya aiko da saƙo a ranar biya, ya kuma biya ladan da kwamfutocin ke karɓa a kan kowane aiki, wanda suke kira kuɗin gas. A 2021, sa'ad da cunkoso ya yi yawa a Ethereum, wannan lada kan kai dala goma, wani lokaci ma ya ninka haka, a kan aika kuɗi sau ɗaya. Wa zai biya dala goma don ya sabunta katin talabijin na dala biyar? Sai bayan gyaran da aka yi wa kundin a watan Maris 2024, mai suna Dencun, ladan ya faɗi ƙwarai a kan ƙananan kundayen da ke jingine da Ethereum, irin su Base da Arbitrum, har ya zama 'yan kwabbai.

Neman Mudu Guda

Ƙa'ida a wannan fanni kamar mudu take a Kasuwar Muda Lawal. In kowane mai hatsi ya zo da nasa mudun, ciniki ba zai yi daɗi ba, amma in an yarda da mudu guda, sai mai saye daga Alkaleri da mai sayarwa daga Dass su fahimci juna ba gardama. A Ethereum kowa yana iya rubuta shawarar ƙa'ida, a ba ta lamba, a yi ta muhawara a kanta a fili. In masu ƙera lalita da 'yan kasuwa sun karɓe ta, ta zama mudu, in ba su karɓa ba ta zauna a takarda.

Wadda ta fi kowace karɓuwa ita ce mai lamba ERC-20, wadda Fabian Vogelsteller da Buterin suka gabatar a watan Nuwamba 2015, kuma a kanta aka gina dubban sulalla. A cikinta akwai 'yar ƙofar ɗiba: mai lalita yana iya rubuta cewa ya yarda wane ya ɗebi har sulalla kaza daga wajensa. Sai dai wannan izini bai san wata ba, bai san mako ba, adadi kawai ya sani. A ɗauki misalin uban da ke son ya riƙa biyan makaranta abin da ya yi daidai da naira 5,000 kowane wata har shekara. In ya rubuta izinin 60,000, ba abin da ke cikin ƙa'idar da zai hana a kwashe su duka a daren farko. Daɗin daɗawa, manhajoji da yawa, don su rage wa mutane wahalar sa hannu, sai suka riƙa neman izini marar iyaka. Mutum ya danna sau ɗaya, ya ba kura ajiyar nama. A ƙarshen 2021 ɓarayi suka kutsa shafin wata ƙungiya mai suna BadgerDAO, suka sa masu hulɗa da ita suna ba da irin wannan izini ba su sani ba, daga bisani suka kwashe dukiyar da ta kai kusan dala miliyan 120. Ba su fasa kundin ba, ba su saci mabuɗin mutanen ba. Izinin da aka ba su suka yi amfani da shi.

A 2018 aka yi yunƙurin toshe wannan giɓi. Kevin Owocki, wanda ya kafa dandalin Gitcoin, ya buɗe muhawara mai lamba 948 a kan biya mai maimaituwa, daga nan shi da waɗansu suka fito da shawara mai lamba 1337. Dabarar ita ce mai biya ya sa hannu sau ɗaya a kan umurnin da ke ɗauke da adadin kuɗi da tazarar lokaci, mai karɓa ya ajiye shi, in wata ya yi ya gabatar wa yarjejeniyar, ita kuma ta duba ko lokaci ya cika, ko ba a soke ba, sa'an nan ta saki kuɗin wata guda. Tunani ne mai kyau, kuma ya yi kama da takardar izinin banki. Amma manyan masu ƙera lalita ba su ɗauke shi ba, har aka jefa shawarar cikin jerin waɗanda suka tsaya cik.

A ƙarshen wannan shekara ta 2018 wani matashi mai suna Paul Berg ya zo da nasa salon, mai lamba 1620, wanda ya zama manhajar Sablier a 2019. Shi cewa ya yi a daina tunanin wata, a mai da kuɗi kamar ruwan famfo, su riƙa kwarara sakan bayan sakan. Da haka za a biya albashi mafi ƙanƙanta na naira 70,000 da aka zartar a 2024, da ma'aikaci ya riƙa ganin kusan kwabo uku na shiga lalitarsa kowane sakan, ya ɗiba duk lokacin da ya so. Abin sha'awa ne. Illa iyaka mai biya sai ya zuba kuɗin gaba ɗaya tun farko kafin famfon ya soma, wanda kuwa ke da kuɗin shekara a hannu ai ba shi ke neman biyan wata-wata ba. Wata shawara mai lamba 5643 ta 2022 ta kawo tikiti mai ranar ƙarewa, amma ita ma in ya ƙare sai wani ya zo ya sabunta.

Daga nan aka gane cewa gyaran a jikin lalitar ya kamata a yi shi. A watan Disamba 2022 kamfanin Visa, mai katin banki, ya wallafa wani gwaji da ya yi a kan kundin StarkNet, inda lalitar kanta ta zama yarjejeniya mai iya riƙe dokokin mai ita. A watan Maris 2023 ƙa'ida mai lamba 4337 ta soma aiki a Ethereum da wannan manufa, sa'an nan ranar 7 ga Mayu, 2025, gyaran da ake kira Pectra ya kawo mai lamba 7702, wadda ta ba tsofaffin lalitu damar aron irin wannan basira. Yanzu ana iya rubuta wa lalita cewa kamfani kaza ya ɗebi abin da bai wuce dala goma ba a kwana talatin, in ya nemi ƙari a hana shi. Kamfanin Coinbase ya fito da irin wannan izini a kan kundin Base, a watan Oktoba 2025 kuma kamfanin Stripe ya ba da sanarwar soma karɓar biyan wata-wata da sulallan USDC. Watau bayan shekara bakwai ana laluben hanya, an iso inda takardar izinin banki take tun da daɗewa. Sai dai har yanzu kowane kamfani da irin mudunsa, kuma ba a yi makonni da soma aiki da 7702 ba ɓarayi suka koyi yaudarar mutane su sa hannu a kan abin da ke miƙa ragamar lalitar gaba ɗaya.

Da Wane Kuɗi?

A ce an gama da duk wannan. Saura tambayar da ta fi damun mai albashin naira: da wane kuɗi za a yi alkawarin? Bitcoin ba ya zaune wuri ɗaya, yana iya faɗuwa da kashi goma cikin ɗari a yini guda, don haka masu wannan harka suka koma ga sulallan da aka ɗaure da dala, irin su USDT da USDC. Ga mutumin Amurka wannan kwanciyar hankali ce. Ga mutumin Bauchi kuwa tarko ne. A watan Mayu 2023 dala tana wajen naira 750 a kasuwar bayan fage. Bayan da aka saki naira a watan Yuni na shekarar, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ba da izinin a riƙa ɗibar dala goma kowane wata, ya fara da kimanin naira 7,500, ya wayi gari yana biyan sama da 15,000, alhali albashinsa bai motsa ba, na'urar kuwa ba ta karya ko sharaɗi ɗaya ba.

To, ina naira ta kundin sarƙa? Ranar 25 ga Oktoba, 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da eNaira, wadda kamfanin Bitt na Barbados ya gina wa Babban Banki, ita ce ta farko irinta a Afirka. Da yake Babban Banki ne ke riƙe da kundinta, matsalar rashin akawu ba ta taso ba. Matsalarta rashin jama'a ne. Wani bincike da Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya wallafa a 2023 ya nuna cewa shekara guda bayan ƙaddamarwa, lalitun da aka buɗe ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na asusun banki masu aiki ba, kuma kashi 98.5 cikin ɗari nasu mako yakan wuce ba a taɓa su ba. Ko a farkon 2023, sa'ad da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi layar zana, mutane suna kwana a layin ATM, mafi yawan 'yan kasuwa wajen OPay da Moniepoint da PalmPay suka gudu. A watan Fabrairu 2025 waɗansu kamfanoni masu zaman kansu suka fito da sulallan cNGN, waɗanda aka ɗaure da naira ɗaya-ɗaya, ƙarƙashin sa idon hukumar SEC mai kula da hannayen jari. Wannan ya magance batun canji a takarda. Amma izinin ɗiba ba shi da amfani sai in wanda ake bin mutum bashinsa yana karɓar wannan kuɗi, mai Islamiyyar unguwa da shugaban 'yan sintiri kuwa naira suke so, wadda za su shiga kasuwa da ita gobe da safe.

Abin Da Uwar Adashi Ta Sani

Akwai wani abu da masu rubuta waɗannan ƙa'idoji suka ɗauka kamar tabbas ne, watau cewa ranar biya kuɗi suna nan a lalita. A garin da manomi ke ganin kuɗi da kaka, ɗan tireda ke gani kullum amma kaɗan-kaɗan, ɗan acaɓa ke gani gwargwadon tsadar mai, ma'aikaci kuma albashinsa kan makara, wannan zato ba ya tsayuwa. In ranar ta zo lalita ba kome, yarjejeniya ba ta da abin yi illa ta ƙi biya, a yanke hulɗa. In kuwa da ɗan abu a ciki, wanda aka ajiye don maganin yaro, za ta ɗauka, domin ba ta san yaro ba.

A nan ne tsohon tsarin adashi ya fi ƙarfin a raina shi. Uwar adashi ita ce agogon da ke tashin kowa, ita ce akawu, ita ce kuma alƙali. Ta san wadda ta haihu, ta san wanda aka yi wa rasuwa, ta san wanda shagonsa ya ƙone. Tana iya jinkirta wa wannan zubi kwana uku, ta roƙi waccan ta bar wa mai bikin 'ya kwasar wannan wata ta karɓi ta gaba, wani lokaci ma ta cike giɓin daga nata. Mai zagayawa rumfa-rumfa yana karɓar ajiyar kullum, ya riƙe zubin kwana guda a wata ladan wahalarsa, shi ma haka yake: in kasuwa ta ƙi, ya wuce ya dawo gobe. Ba a ce ba a cin amana ba. An sha jin uwar adashi ta gudu da kuɗin jama'a, an sha jin wanda ya kwasa ya daina zubi, kuma daidai wannan rauni ne yarjejeniyar kwamfuta ke iya toshewa, tun da ita ba ta gudu. Amma ba ta hana wanda ya riga ya kwasa ya bar lalitarsa wayam ba, sai fa in an sa shi ajiye jingina tun farko, wanda kuwa ke da abin jingina da wuya ya shiga adashi.

Ba wai abin ba shi da inda zai yi amfani ba. Matashin da ya gama Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, yana yi wa kamfanin waje aikin kwamfuta ana biyansa da USDT, shi da ma dala yake samu, dala yake biya wajen hayar manhajoji. Irinsa sun sha wuya daga 2022, sa'ad da bankuna suka rage abin da katin naira ke iya saye a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe gaba ɗaya, sai a tsakiyar 2025 suka soma buɗewa. Haka kuma ɗan da ke Jidda ko Landan, mai son ya riƙa aiko wa mahaifiyarsa cefane kowane wata, tun da Bankin Duniya ya sha nuna cewa aiko kuɗi zuwa ƙasashen Afirka na kudu da Sahara ya fi na ko'ina tsada, kusan kashi takwas cikin ɗari a kan dala 200. Ga waɗannan, izinin da aka rubuta sau ɗaya yana da riba a fili. Amma su 'yan tsiraru ne a birnin.

Kada kuma a manta, ƙasashen da suka fi kowa yawan masu biya ta waya sun warware wannan batu ba tare da kundin sarƙa ba. Indiya ta ƙara biyan wata-wata a tsarinta na UPI a 2020, babban bankinta kuma ya wajabta a aika wa mutum saƙo aƙalla awa 24 kafin a taɓa kuɗinsa, don ya hana in ya ga dama. Barazil ta yi irin haka a tsarinta na Pix a watan Yuni 2025. A ƙasashen Turai masu kuɗin yuro, wanda aka ɗebi kuɗinsa yana da mako takwas ya ce a mayar masa, ba sai ya kawo dalili ba. Wannan dama ta mayarwa ita ce kundin sarƙa ba ya bayarwa, domin an gina shi ne musamman don kada a iya goge abin da aka rubuta.

Ina Za A Kai Ƙara?

Matsayin hukuma a Nijeriya ya sha juyawa. Ranar 5 ga Fabrairu, 2021, Babban Banki ya umurci bankuna su rufe asusun masu cinikin kirifto, a watan Disamba 2023 ya janye. A farkon 2024 gwamnati ta sa ƙafar wando ɗaya da kamfanin Binance, har ya daina hulɗa da naira a watan Maris. A watan Agusta na shekarar hukumar SEC ta ba kamfanonin Busha da Quidax amincewar farko, sa'an nan a watan Maris 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari, wadda ta sa irin waɗannan kadarori a ƙarƙashin SEC, ta kuma tanadi ɗauri ga masu kafa tarkon riba irin na MMM. Wata guda bayan haka dandalin CBEX ya rushe da kuɗin dubban mutane. Dokar tana iya kama kamfanin da ke da ofis da rajista. Yarjejeniyar da wani ya rubuta daga wata ƙasa, ya saka a kundin ba suna ba adireshi, ba ta da wuyan rigar da za a riƙe.

Saboda haka wanda ke da lalitar kirifto, in wata manhaja ta nemi ya ba ta izinin ɗiba, ya kamata ya tsaya ya karanta abin da ke kan gilashin kafin ya danna: nawa aka rubuta, adadin wata guda ne ko marar iyaka, da wane sulalla, kuma akwai ranar ƙarewa ko babu. Masu hankali a cikin harkar sukan raba lalita biyu, babba ta ajiya wadda ba a haɗa ta da kowane shafi, da ƙarama ta cefane wadda ba a barin abin da ya wuce na wata a cikinta. Wani abu kuma da da yawa ba su sani ba shi ne, goge manhaja daga waya ba ya soke izini, haka ma cire lalita daga shafin. Izinin yana nan a rubuce a cikin kundin, ko bayan shekara biyar, har sai mai shi ya shiga da mabuɗinsa ya aika da saƙon sokewa, ya kuma biya kuɗin gas a kan saƙon.